Wasiƙa daga Leiden: zinarin da muke tsinkewa da gangan

Assalamu alaikum Malam. Bayan gaisuwa da fatan kuna lafiya, ga amsar tambayarku kan aikinmu da kayan aiki a nan Holan.

Aikin dai tsinka waya ne. Ana samo siririyar wayar zinari, a yi mata tsaga a tsakiya, a manne ta a kan ɗan faifan tagulla, sai a riƙa lanƙwasa faifan a hankali har wayar ta sirance, ya rage ƙwayar zarra ɗaya tak ke haɗa ɓangarorin biyu. A nan Leiden aka gyara wannan dabara a 1992, a rukunin masanin kimiyya Jan van Ruitenbeek. Ana cikin haka muna auna lantarkin da ke bi ta wayar. Kafin wayar ta rabu, lantarkin ba ya raguwa sumul, hawa-hawa yake sauka, kuma a zinari hawan ƙarshe yana tsayawa kusa da turjiyar om 12,900 (om shi ne ma'aunin yadda abu ke turje wa lantarki), wadda lissafi ke fitarwa daga cajin ilektaron, ƙwayar da ke ɗauke da lantarki, da lambar Planck, wani adadi da ba ya canjawa a kimiyya, su biyu kawai. Irin ƙarfen ne ke ƙayyade yawan hanyoyin da ilektaron zai bi ta zarrar nan ɗaya: zinari ɗaya, alminiyam uku. A 1998 ma aka gano zinarin kan miƙe ya zama sarƙar zarra a jere kafin ya tsinke.

Zancen kaya kuwa, zinarin nan ba irin na 'yan kunne ba ne mai karat 18 ko 21 da aka gauraya. Tsantsa ne, kashi 99.99 cikin ɗari, ana odarsa ta intanet ya zo da takardar shaida. Ɗan kaɗan ake ci, ba shi ne mai tsada ba. Mai tsadar shi ne abin da ke kewaye da shi: wutar da ba a ɗaukewa, da ruwan heliyam mai sanyin digiri 269 ƙasa da sifili. A garin nan masanin kimiyya Kamerlingh Onnes ya fara mayar da iskar heliyam ruwa a 1908, har yau kuma ba a barin iskarsa ta salwanta, bututu ke mayar da ita a sake sarrafawa. Shi ne kuma ya kafa makarantar masu ƙera kayan awo a 1901. Ka kai musu zane, su ƙero maka daidai.

Amma gyara, Malam, mu na gida mun fi mutanen nan. Mita ta lalace, sai cike takarda da jiran layi, ƙarshe a ce sayen sabuwa ya fi araha. Mai gyaran rediyo a gida da tuni ya buɗe ta ya canja abin da ya ƙone.

Ina ganin ɗalibanku za su iya gwadawa. Zinari ba ya tsatsa, don haka ana ganin hawan nan ko a zafin ɗaki, da batir da na'urar nuna zanen lantarki mai sauri. In kun amince zan aiko da guntuwar waya da zanen haɗin. A gaishe da mutanen gida.