Gargaɗi: masu sayar da gurbin aiki da sunan hukumar tsaro ta farin kaya

Jama'a, a yi hattara. Akwai 'yan damfarar da suka mayar da sunan hukumar tsaro ta farin kaya, wato DSS, jarin kasuwancinsu. Suna yawo a WhatsApp da Facebook suna cewa wai an buɗe ɗaukar ma'aikata a asirce, kuma suna da gurbi a hannu ga wanda zai iya biya. Matasan da suka gama bautar ƙasa suna zaune a gida su ne abin farautarsu, sai iyayen da ba za su ji ƙyashin sayar da gona ba in dai ɗansu zai samu aikin gwamnatin tarayya.

Abin yakan fara ne da saƙo mai ɗauke da tambarin hukumar, da adireshin wani shafi da za ka cike fom. Fom ɗin zai nemi lambar NIN da BVN da hoton fasfo da ranar haihuwa. Bayan 'yan kwanaki sai wani ya kira ka. Ba ya ɗaga murya, ba ya gaggawa, yana kiran cikakken sunanka da na ƙaramar hukumarku kamar ya daɗe da saninka, alhali kai ka rubuta masa su da hannunka. Zai ce sunanka ya fito, amma akwai kuɗin gwajin lafiya. In ka biya, sai kuɗin tantancewa. Daga nan a turo maka hoton takardar kama aiki, har da hatimi da sa hannu, a ce saura kuɗin kayan horo da ɗan goron manya. Duba sunan asusun da ake tura kuɗin: na wani mutum ne, ba na gwamnati ba. Ranar da ka ce aljihu ya bushe, ranar wayar take mutuwa.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne maganar da suke ɗaure mutum da ita tun farko. Za a ce maka: wannan aikin sirri ne, kada ka faɗa wa kowa, ko mahaifinka, riƙe bakinka ma yana cikin gwaji. Da wannan kalami an raba ka da duk wanda zai ce maka tsaya ka yi tunani. Kuma yana ci ne saboda yawancinmu ba mu san komai a kan hukumar ba sai tsoronta. Alhali ayyukanta ne ke ɓoye. Tarihinta da tsarinta a fili suke, kuma wanda ya san su ba ya saurin faɗa wa wannan rami.

Tushenta yana cikin 'yan sanda. A 1948, zamanin Turawan mulkin mallaka, aka kafa sashe na musamman a ofishin shugaban 'yan sanda domin tattara bayanan sirri. Haka aka tafi har 13 ga Fabrairu 1976, ranar da aka kashe Janar Murtala Muhammed a yunƙurin juyin mulkin Dimka ba tare da an hango abin ba. Wannan ya sa gwamnatin Janar Obasanjo ta kafa hukumar tsaro ta daban da 'yan sanda, wato NSO, a shekarar, aka ba Kanar Abdullahi Mohammed riƙonta. Alhaji Umaru Shinkafi ya shugabance ta a zamanin Shagari, sai Lawal Rafindadi a mulkin soja na Buhari, lokacin da sunanta ya zama abin firgici saboda tsare mutane ba shari'a. Ina ganin ragowar wannan tsoro ne 'yan damfara ke cin gajiyarsa har yau.

A Yunin 1986 Janar Babangida ya rushe NSO da doka ta 19, ya raba aikinta gida uku. SSS ta ɗauki tsaron cikin gida da daƙile leƙen asirin ƙasashen waje a cikin Najeriya, NIA ta ɗauki tattara bayanai a ƙetare, DIA kuma ta riƙe abin da ya shafi soja. Alhaji Ismaila Gwarzo ne shugaban SSS na farko, kuma ita ce ake kira DSS a yau. Shugaban ƙasa ne ke naɗa babban daraktanta. Daga cikin na baya-bayan nan akwai Lawal Daura daga 2015 zuwa 2018, sai Yusuf Magaji Bichi, sai Adeola Ajayi da aka naɗa a Agustan 2024. Hedikwatarta tana Abuja, ginin da ake kira Yellow House, kuma kowace jiha tana da ofishi ƙarƙashin daraktan jiha, da jami'ai har ƙananan hukumomi.

To, ɗauki wannan ka auna maganar mai kiranka. In ya ce gurbin daga ofishin Sufeto Janar na 'yan sanda ya fito, tun 1976 aka raba gari da 'yan sanda. In ya yi maka romon baka cewa bayan horo za a tura ka ofishin jakadanci a Ingila ko Dubai, aikin ƙetare na wata hukuma ne daban. In takardar da ya turo tana ɗauke da sa hannun shugaban da ya bar kujera shekaru da suka wuce, ka ga inda ya kwafo ta. Mafi girma kuma, yi tunani a kan aikin hukumar kansa. Ita ce ke gadin shugaban ƙasa da mataimakinsa da gwamnoni, ita ce ke binciken asalin mutanen da za a ba manyan muƙamai. Hukumar da sana'arta ita ce bin diddigin mutum, ta yaya za ta ɗauki jami'i ta waya, ba ta ga fuskarsa ba, don kawai ya tura kuɗi asusun wani? Ita kanta ta sha fitar da sanarwa tana cewa jama'a su yi watsi da tallan ɗaukar aiki na bogi da ake yi da sunanta.

Na san abin da wani zai ce: ai a ƙasar nan sai da hanya ake samun aiki. Ban musa cewa son kai ya yi mana illa ba, kuma shi ne ya sa ƙaryar take kama da gaskiya. Amma mai hanya na gaske ba ya neman baƙo a Facebook. Wanda ya bi ka har cikin wayarka yana roƙonka ka karɓi aiki, kuɗinka yake so.

Damfarar tana da fuska ta biyu, ita kuma 'yan kasuwa da masu ɗan rufin asiri ake yi wa. A kira ka da dare a ce sunanka ya fito a binciken masu ɗaukar nauyin ta'addanci, gobe za a zo ɗaukarka, amma in ka yi abin da ya kamata za a rufe fayil ɗin. Mutum ya ji cikinsa ya ɗuri ruwa, ya tura kuɗi kafin asuba, bai ko shawarci lauya ba. Babu dokar da ta ba wani jami'i ikon karɓar kuɗi ya goge suna daga bincike. In an ce ana gayyatarka, ce a ba ka a rubuce, ka ɗauki lauya ku je ofishin hukumar da ke babban birnin jiharku da rana tsaka ku tambaya. Ɗan damfara ba ya yarda a haɗu a can. Zai ce otal, ko bakin wani gidan mai, ko kuma ya ce yana kan aiki a wata jiha.

Wanda abin ya riga ya shafa, don Allah kada kunya ta rufe masa baki. Sun san wanda ya biya kuɗin sayen gurbi yana jin tsoron kai ƙara, shi ya sa suke cin karensu ba babbaka. Kada ka goge komai: ajiye saƙonnin, da lambar wayar, da shaidar tura kuɗi mai ɗauke da sunan asusun. Kai su ofishin 'yan sanda, ko EFCC, ko ofishin DSS na jiharku, domin yin sojan gona da karɓar kuɗi ta hanyar yaudara laifuka ne da dokar zamba ta 2006 da sauran dokokin ƙasa suka tanadar wa hukunci. In kuma ka riga ka ba su BVN, ko lambobin katinka, ko lambar sirrin da banki ya turo maka ta waya, je bankinka yau a toshe katin a canza lambobin, kada ka jira sai Litinin.