Sikolashif ko feloshif: wanne ya dace da mai digirin tarihi?

'Yar'uwa, na ga tambayarki tun shekaranjiya, na dakata ne sai na sami sarari, don ba ta amsuwa a layi biyu. Kin ce kin gama digirin farko a fannin tarihi, kin yi shekara uku kina koyarwa, kuma burinki ki kai har digirin digirgir. Kina cin karo da sanarwa iri biyu, wata a rubuta sikolashif, wata a rubuta feloshif, shi ne kike tambaya ko Ɗanjuma ne da Ɗanjummai. Kin kuma ce an gaya miki kada ki wahalar da kanki, kuɗin duk na 'yan kimiyya ne.

Ba abu ɗaya ba ne. Sikolashif kujera yake saya miki a aji: akwai kwas da aka riga aka tsara, akwai malamai da jarrabawa, a ƙarshe a miƙa miki takardar shaida. Feloshif kuwa lokaci yake saya miki. Ki ajiye sauran hidimomi wata shida ko shekara guda, ki duƙufa kan aikin da ke da kanki kika ƙirƙiro, kuma sau da yawa mai ba da kuɗin ba shi ne zai ba ki digiri ba. Daga nan zan riƙa kiran na farko tallafin karatu, na biyu tallafin bincike, don haka ya fi fito da su fili.

Sai dai kada suna ya ruɗe ki. Jami'o'in Amurka kan kira kuɗin da suke ba ɗalibin digirgir a shekararsa ta farko feloshif, alhali aji yake shiga kamar kowa. Jamusawa kuwa kalma ɗaya suke amfani da ita ga dukkan biyun. Don haka duk sanarwar da kika gani, ki tsallake sunan, ki duba wa aka ce ya nema, da kuma abin da kuɗin zai biya.

Mu fara da abin da kuɗin ke biya, don nan ne bambancin ya fi fitowa.

Ɗauki Chevening, wanda gwamnatin Birtaniya ke bayarwa tun 1983. Digiri na biyu ne na shekara ɗaya, a kowane fanni, a jami'ar Birtaniya da kika zaɓa. Suna biyan kuɗin makaranta, da kuɗin jirgi zuwa da dawowa, da biza, da alawus na wata-wata. Ko Erasmus Mundus na Tarayyar Turai, wanda aka fara a 2004: jami'o'i aƙalla uku daga ƙasashe uku ne ke haɗa kai su shirya kwas guda, ɗalibi ya zauna a ƙasashe biyu ko fiye, yawanci cikin shekara biyu, ba ya biyan kuɗin makaranta, ana kuma ba shi Yuro 1,400 duk wata. A duka biyun, makaranta ce ginshiƙi. In jami'a ba ta ɗauke ki ba, babu tallafi.

Yanzu ajiye wannan kusa da abin da Gidauniyar Wenner-Gren ke yi. Gidauniya ce a Amurka da aka kafa a 1941, ta keɓe kanta ga fannin nazarin ɗan Adam da al'adunsa. Tana ba ɗalibin digirgir na kowace ƙasa abin da ya kai dala 25,000 don ya fita fagen bincike: kuɗin tafiya, masauki, mai taimaka masa, kayan ɗaukar murya. Ko sisi ba ta biya na kuɗin makaranta. Ita ta ɗauka kin riga kin shiga, kin gama kwasa-kwasanki, abin da ya rage shi ne ki je inda bayanan suke. Gidauniyar Alexander von Humboldt ta Jamus ta ƙara gaba: sai wanda ya riga ya zama dakta, kuma in bai wuce shekara huɗu da gamawa ba, za a iya ba shi daga wata 6 zuwa 24, bisa sharaɗin ya samo wani masani a Jamus da ya yarda zai karɓe shi.

Kin ga ke nan ba kishiyoyi ba ne. Matakala ce, ɗaya na ƙasa ɗaya na sama.

Inda na fi son ki natsu shi ne abin da masu tantancewa ke nema, don na karanta wa mutane takardu ba adadi, kuma kuskuren da na fi gani shi ne mutum ya rubuta wa wannan abin da ya kamata ya rubuta wa wancan.

Mai tallafin karatu tambayarsa ita ce: wace ce ke, kuma me za ki zama? Chevening ba ya ɓoye wannan. Rubuce-rubucensa huɗu ne, a kan jagoranci, da yadda kike ƙulla alaƙa da mutane, da dalilin zaɓen kwas ɗin, da shirinki na aiki in kin dawo. Yana buƙatar shekara biyu ta ƙwarewar aiki, wadda suka ƙiyasta da awa 2,800, kuma koyarwarki ta shekara uku ta cike wannan in cikakken aiki kike yi. Ki zaɓi kwasa-kwasai uku, ki samo wasiƙun shaida biyu, in kin tsallake a kira ki ganawa a ofishin jakadancinsu. A duk wannan ba wanda zai tsare ki da tambayar wane littafin tarihi kika karanta. So suke su ji ranar da kika ga ɗalibanki ba su da abin karantawa, me kika yi, wa kika jawo, me ya canja. Erasmus Mundus ya ɗan bambanta, don malaman kwas ɗin ne da kansu ke zaɓa, shi ya sa sakamakon digirinki da dacewarki da kwas ɗin suka fi nauyi a wurinsu fiye da labarin jagoranci.

Mai tallafin bincike kuwa bai damu da ke sosai ba. Tambayarki ce ta dame shi. Masana ne 'yan fanninki za su karanta, kuma abin da suke nema a shafin farko shi ne: me kike son sani wanda ba a riga an sani ba, wa ya yi rubutu kusa da shi kuma ina ya tsaya, ina bayanan suke, kin taɓa ganinsu da idonki, kin iya harshen da aka rubuta su, wata nawa zai ɗauke ki, nawa zai ci. In kika rubuta cewa za ki yi nazarin rawar da mata suka taka a tarihi, an gama da ke tun a layin farko, don wannan fanni ne, ba tambaya ba. Amma in kika ce akwai kundin shari'o'in wata kotu guda na tsawon shekara ashirin, kin buɗe shi kin ga zawarawa na yawan kai ƙara kan gado, kina son gano a wane irin yanayi suke yin nasara da abin da hakan ke nunawa game da ikon mace kan dukiya a wancan lokacin, to mai karatu zai gyara zama. Da ruwan ciki ake jan na rijiya. Ba a ba da irin wannan kuɗi don a je a nemo abin bincike, sai don a ƙarasa wanda aka riga aka soma.

Har wasiƙun shaida ma sun bambanta. Ga na karatu, shugabanki na wurin aiki zai iya wadatarwa. Ga na bincike, malamin da ya karanta rubutunki, zai iya faɗin inda kika yi ƙarfi dalla-dalla, ya fi babban farfesan da bai san ki ba sai a gaisuwa.

Sai batun cewa kuɗin na 'yan kimiyya ne. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki, amma ba yadda aka gaya miki ba. A kimiyya, farfesa ne ke samo babban kuɗi don ɗakin gwaje-gwajensa, sai ya ɗebi ɗalibai ya biya su daga ciki, tamkar ma'aikata. Shi ya sa kike ganin guraben nasu birjik ana ta tallatawa. A tarihi, adabi, falsafa ko nazarin harshe, yawanci mutum ɗaya ne da tambayarsa da takardunsa, babu wani babban aikin da za a rataya shi a jiki, dole ya nemo kuɗinsa da sunansa. Dalili na biyu shi ne wasu masu bayarwar raya ƙasa suka sa a gaba. Tallafin ƙungiyar Commonwealth, wanda ya faro tun 1959, yana da jigogi shida na ci gaba, kuma dole ki nuna wanda karatunki ya faɗa ciki. Mai ilimin siyasa ko tattalin arziki ko zamantakewa ba ya shan wahala a nan. Mai nazarin waƙa ko zane kuwa sai ya yi gumi, wani lokaci ma har ya tanƙwara aikinsa ya zama abin da ba shi ba. Ni ban cika son wannan tanƙwarawar ba. In alaƙar ta gaskiya ce, misali tarihin rikici da batun zaman lafiya, to ki fito da ita. In kuwa ƙaƙalo ta za ki yi, masu karantawa sun ga irinta ɗari kafin taki.

Amma akwai ƙofofin da aka gina musamman dominku. Gidauniyar Gerda Henkel ta Jamus, wadda aka kafa a 1976, fannonin tarihi ta tsaya a kai, har da binciken kufai da kayan tarihi, da tarihin zane, da tarihin shari'a, da nazarin tarihin Musulunci. Babban Ɗakin Karatu na Birtaniya yana da shiri tun 2004 da ke ba da kuɗi a ɗauki hoton tsofaffin takardun da ke fuskantar lalacewa a ko'ina a duniya, a adana su a kwamfuta. Tallafin Fulbright na Amurka, tun 1946, bai taɓa zama na 'yan kimiyya kaɗai ba, har ma yana da reshen da ke kai matasan malamai su koyar da harshensu na gado a jami'o'in can na shekarar karatu guda. Kuma aikinku ba ya cin kuɗi kamar na 'yan kimiyya. Abin da ba zai sayi na'ura ɗaya a ɗakin gwaji ba, zai riƙe mai tarihi wata da watanni a ma'ajiyar takardu.

Sharuɗɗan bayan an ba ki, a taƙaice. Chevening ya wajabta ki koma ƙasarki ki yi shekara biyu bayan kin gama. Bizar da ake ba 'yan Fulbright ma tana ɗauke da irin wannan sharaɗi na shekara biyu. Erasmus Mundus ba shi da shi. Tallafin bincike kuma abin da yake bin ki shi ne rahoto, da lissafin yadda kika kashe kuɗin, da ambaton sunansu a duk abin da kika wallafa. Ki riƙa adana rasit tun ranar farko.

To ke wanne? A matakin da kike, tallafin karatu. Wenner-Gren da Humboldt ko ƙofarsu ba za ki iya ƙwanƙwasawa ba tukuna. Zaɓin da ke gabanki na gaske tsakanin irin Chevening ne da irin Erasmus Mundus, kuma tunda kin ce digirgir kike hari, ni na fi karkata ga na shekara biyu. Dalilina shi ne kundin da za ki rubuta a ƙarshe. A kwas na shekara ɗaya, wata uku na bazara kawai ake samu a rubuta shi, a gurguje. A na shekara biyu kuwa zangon ƙarshe gaba ɗaya nasa ne, kina da sararin shiga ma'ajiyar takardu, ki koyi wani harshe, ki saba da malaman da za su rubuta miki shaida daga baya. Wannan kundin shi ne samfurin rubutun da za ki tura neman digirgir, kuma daga cikinsa tambayar da za ki kai wa masu tallafin bincike za ta tsiro. Wahalarsa ita ce ƙaura: duk zango ko shekara sabon gari, sabon neman gida, wani lokaci sabuwar takardar zama. In kina da iyali, ki auna wannan da kyau, don alawus ɗin na mutum ɗaya ne. In kuwa kika duba zuciyarki kika ga abin da kike so shi ne ki dawo da wuri ki yi aiki a gidan tarihi, ko tsara manhaja, ko aikin jarida, to Chevening ya fi miki, kuma sharaɗin komawar ba zai zame miki nauyi ba tunda dama komawa za ki yi.

Ba abin da ya hana ki nemi duka biyun a shekara guda, lokutansu ma sun jeru. Chevening kan buɗe a Agusta ya rufe cikin Oktoba ko farkon Nuwamba. Na Erasmus Mundus kowane kwas da ranarsa, galibi tsakanin Oktoba da Janairu, kuma kai tsaye ake nema wurin masu kwas ɗin, jerin kwasa-kwasan da ke da kuɗi kuma yana canjawa duk shekara, don haka ki duba na bana, kada ki dogara da wanda wata ta turo miki bara. Abin da ya fi makarar da mutane ba rubutun ba ne, takardar sakamakon jami'a ce da jarrabawar Turanci irin IELTS, waɗanda ba a hannunki suke ba. Ba a fafe gora ranar tafiya, ki nemi waɗannan biyun tun yanzu. In kin rubuta shafi ɗaya kan abin da kike son bincikawa, ki turo, mu ga ko tambaya ce ko har yanzu fanni ne.