Akurkin ƙasa ko mai ƙafa: wanne ya fi da damina?

Hajiya, kin ce kajinki na Hausa goma sha biyu ne, tsakar gidanki kuma ruwa na kwanciya idan an yi mai yawa, kina tambaya ko ki gyara akurkin ƙasa da kike da shi, ko ki sa kafinta ya buga miki mai ƙafa. Duka biyun na yi amfani da su, bari in faɗa miki yadda na gan su.

Da farko ki sani, babbar kaza ruwan sama bai cika kashe ta ba. Za ta jiƙe, ta raɓe a gindin bango, ta karkaɗe, shi ke nan. Abin da ke kashe kaji da damina shi ne danshin da suke kwana a kai. Da wannan ma'aunin za ki auna akurkan biyu.

Akurkin ƙasa yana da araha da ɗumi. Ki zuba ɓuntun shinkafa ko dusar katako mai kaurin kamar faɗin tafin hannu, kaji su yi ta tonon abinsu. Da rani ba ni da abin cewa a kansa. Amma da an shiga Agusta, lokacin da a Kano ake iya kwana biyu rana ba ta leƙo ba, ƙasa kan riƙa tsattsafo da ruwa ta ƙarƙashi, ko da rufin bai yoyo. Ki damƙi ɓuntun ki matse. Idan ya dunƙule bai warware ba, ya lalace. Idan kuma kika buɗe ƙofa da safe wari ya sa idonki yaji, to ki tuna su a ciki suka kwana, kuma hancinsu ya fi naki kusa da ƙasa.

A irin wannan shimfiɗar ce zawon jini ke kama su, wanda likitocin dabbobi ke kira kokisidiyosis. Ƙwan ƙwayar cutar yana fita a cikin kashi, kuma ba ya iya kama wata kaza sai ya sami danshi da ɗumi na kwana ɗaya zuwa biyu. Jiƙaƙƙen ɓuntu gida ne a wurinsa. 'Yan tsaki na sati uku zuwa shida ya fi kayarwa: sai ki ga ɗan tsako ya tsaya shi kaɗai, ya saki fukafukai kamar mai sanye da babbar riga, ido a lumshe. Akwai magani, Amprolium, ana sa shi a ruwan sha, amma in shimfiɗar na nan yadda take, kuɗinki kawai kike zubarwa. Wata damina na rasa tsaki bakwai cikin mako guda ina ta zargin abinci, ashe ƙasan ɗakin ne.

Mai ƙafa kuwa, wanda aka ɗaga kamar tsayin ƙafa biyu zuwa uku daga ƙasa, aka yi wa ƙasansa da waya ko siraran katako masu tazara, kashi zubewa yake ƙasa. Kaza ba ta taka shi, ba ta tsattsagar abinci a cikinsa, ruwan tsakar gida kuma ya wuce abinsa ta ƙarƙashi. Aibinsa kuɗi, sai gara da ke cin ƙafafun idan katako ne. Ki ɗora kowace ƙafa a kan bulo, ko ki tsoma ta a gwangwani mai baƙin mai, wanda kuma yake hana kwarkwasa hawa da dare. Ɗaya aibin shi ne sanyi na shigowa ta ƙasa. Manya ba ruwansu, amma tsaki da kaza mai kwanci sai kin ware musu kusurwa, ki shimfiɗa kwali da busasshen ɓuntu, kina canzawa.

Ni dai a gida irin naki, da kaji goma sha biyu, mai ƙafa zan buga ban ko tsaya shawara ba. Na ƙasa sai ga wanda wurinsa tudu ne, ko ya yi daɓen siminti ya ɗaga shi sama da tsakar gida, kuma ba ya ƙyashin kwashe shimfiɗa duk sanda ta jiƙe.

Akwai abin da babu wanda zai yi miki a cikin akurkan biyu. Hadarinmu daga gabas yake tasowa, don haka kada ƙofa ta kalli gabas, kuma kwanon rufi ya zarce bango sosai saboda feshi. Tamfol a wannan ɓangaren kawai za ki saka. Kada ki naɗe akurki duka da leda, iska ce ke busar da shi. Dusa kuma ki ɗora buhunta a kan katako, wadda ta yi fumfuna ki zubar, kada ki ce asara. Sauro ma yana yaɗa ƙurajen nan da ke fito musu a zanko da gefen ido, saboda haka ki kifar da duk wani tsohon bokiti da ke tara ruwa. Ki ajiye musu kwanon toka da yashi a inda ruwa ba ya kaiwa, tunda ƙurar da suke birgima a ciki su kakkaɓe ƙuma duk ta zama taɓo.