Gargaɗi kan masu sayar da "maganin naitirayit" ga sababbin masu kiwon kifin ruwan gishiri

Ina jan hankalin masu kiwon kifin ado na ruwan gishiri, musamman waɗanda ba su daɗe da haɗa tankinsu na farko ba, game da wani mai talla a Instagram da WhatsApp wanda ya ci kuɗina ta hanyar da na tabbata yana bi da wasu ma.

Mako biyu bayan na cika tankina mai cin lita 200, abin gwajin ruwa ya nuna naitirayit, wani sinadari da ke taruwa a ruwan tanki, ya hau kuma ya ƙi sauka. Da na tura masa hoton gwajin, sai ya ce ruwan ya zama guba, ya sayar mini da wata kwalba da ba ta da sunan kamfani balle ranar lalacewa, yana rantsuwa cewa ƙwayoyin bakteriya ne masu rai da za su gyara ruwan cikin awa 24. Ya ce in zubar da ruwan gaba ɗaya, in wanke soson matatar ruwan tankin da ruwan famfo, washegari kuma in zuba kifi, kifin da a wurinsa zan saya. Na bi maganarsa. Cikin kwana huɗu amoniya ta tashi, kifi biyu suka mutu, shi kuwa bai ce komai ba sai in ƙara sayen kwalba ta biyu.

Abin da ya ɓoye mini shi ne hawan naitirayit a sabon tanki mataki ne da kusan kowane tanki yake ratsawa. Kashin kifi da ragowar abinci suna haifar da amoniya, wasu bakteriya su mayar da ita naitirayit, sannan wani rukunin, irin su Nitrospira, ya mayar da shi naitiret. Wannan rukuni na biyu yana jinkirin yaɗuwa, shi ya sa naitirayit yake daɗewa a sama, kuma aikin gaba ɗaya yakan ɗauki mako huɗu zuwa shida. Bakteriyar suna zaune ne a jikin duwatsu da yashi da soson matatar ruwa, don haka sinadarin kulorin da ke cikin ruwan famfo ya kashe waɗanda suka fara kafuwa a matatar tankina, ya mayar da ni baya. Shawarar tasa ce ta tabbatar masa da cinikin gaba.

Wani abin da ya fi ƙona mini rai shi ne tsoron da ya cusa mini ba shi da tushe mai ƙarfi. A ruwan gishiri illar naitirayit ga kifi ba ta kai ta ruwan daɗi ba ko kusa, domin sinadarin kulorayid da ke cikin gishirin yana tare masa hanyar shiga jini ta wurin numfashin kifin. Amoniya ce abin tsoro na gaske.

Akwai kamfanonin kirki da ke sayar da bakteriyar kwalba, amma ko tasu tana iya mutuwa idan ta sha zafin rana a hanya, balle ruwan da ba a san wanda ya ɗura shi ba. Wanda naitirayit ya ƙi sauka masa ya dakata da zuba kifi, ya daina ƙara abinci ko amoniya, ya duba ranar lalacewar abin gwajinsa, ya kuma tabbatar injin tankin yana juya ruwa ko da an ɗauke wuta, saboda waɗannan bakteriya ba sa aiki sai da iskar oksijin.

Ni haka na yi, kuma a mako na biyar gwajin ya nuna sifili ba tare da na ƙara ko ɗigo ɗaya daga kwalbarsa ba. Da na nemi ya mayar mini da kuɗina sai ya toshe lambata, yanzu kuma ya sauya sunan shafinsa amma hotunan kwalaben suna nan yadda suke.