Rediyo ko Waya: Ina Mai Son Curling Zai Nufa?

Rediyon safe ya fi waya tsari: kana shan koko ka ji siyasa, farashin hatsi, sannan ƙwallon Ingila. Amma curling, wasan tura dutse mai nauyin kusan kilo 20 a kan ƙanƙara, da wuya a ambace shi sai gasar Olamfik ta hunturu ta zagayo, shekara huɗu-huɗu.

Waya tana cin data, tana kuma ɗauke hankali, amma a nan ita na zaɓa, domin wasan sai an gani da ido. A YouTube za ka ga mutum biyu suna goge ƙanƙarar da buroshi a gaban dutsen don ya ƙara nisa, kyaftin na ƙwala musu ihu daga bakin da'irar da ake son dutsen ya tsaya a ciki. Duwatsun Olamfik ɗin ma daga tsibirin Ailsa Craig na Sikotilan ake haƙo su.