Tsakanin Luksor da Aswan: a hau jirgin ruwa ko a kama otal?

Assalamu alaikum. Alhaji, ka ce za ku je Alkahira kai da Hajiya ku duba yaronku da ke karatu a Azhar, kuma akwai mako guda da kuke son ku gangara kudancin Masar ku ga gine-ginen Fir'aunoni da kaburburansu. Tambayarka ita ce: a biya jirgin ruwan nan mai ɗakunan kwana da ke bin Kogin Nilu tsakanin Luksor da Aswan, ko a kama otal a garuruwan biyu a riƙa fita da mota? Ka kuma ce Hajiya na fama da gwiwa. Na bi ta hanyoyin biyu, kuma shawarata ita ce ku hau jirgin, amma kada ku bari a ce da shi kaɗai kuka ga Luksor. Ga dalilaina.

Nilu daga kudu yake gangarowa zuwa arewa. Luksor tana da nisan kilomita 650 ko fiye daga Alkahira, tafiyar kamar awa ɗaya a jirgin sama, ko kwana guda a jirgin ƙasa na dare mai gadaje. Aswan kuma tana gaba da ita da kilomita 200 da 'yan kai. Jirgin da ya tashi daga Luksor yakan yi dare huɗu saboda haurawa yake yi, wanda ya taso daga Aswan kuwa dare uku, ruwa na tura shi. Abin da masu talla ba su cika faɗa ba shi ne, rabin wannan lokacin jirgin a ɗaure yake a bakin gaɓa, ko a Luksor ko a Aswan. Kuma ba shi kaɗai ake ɗaurewa ba. Jerawa ake yi gefe da gefe kamar motocin haya a tasha, sai ka ratsa ta cikin jirage uku ko huɗu kafin ka taka ƙasa. In ɗakinku ya faɗo a tsakiya, ka buɗe labule ka ga tagar wani ɗakin, janareto na ruri har asuba.

Duk da haka, awannin da jirgin ke tafiya ba su da na biyu, kuma wannan ne abin da otal ba zai taɓa ba ka ba. Ka hau sama bayan la'asar ka zauna. Gefen kogi kore shar: dabino, rake, ayaba, ɓauna ta nutse a ruwa sai kai, yara na ɗaga hannu, manomi na kora jakinsa da kayan ciyawa. Ɗaga ido kaɗan, a bayan gonakin, tsandauri ne da duwatsu ja wur, ba ko tsiro. A wasu wuraren faɗin koren bai wuce abin da za ka taka da ƙafa cikin 'yan mintuna ba. Wanda ya ga wannan da idonsa ba ya buƙatar a yi masa dogon bayanin dalilin da ya sa mutanen nan suka rataya rayuwarsu da lissafin shekararsu da addininsu ga kogi guda. Daga cikin mota ba ka samun wannan, domin titi ta cikin ƙauyuka yake bi, da tudun rage gudu da shingayen jami'an tsaro. A garin Esna jirgi kan shiga wata ƙofar ruwa a rufe shi a ciki, a ɗaga shi ko a sauke shi zuwa tsayin ruwan da ke gaba. Nan 'yan kasuwa ke zuwa da ƙananan kwale-kwale su ɗaure a jikin jirgi, su cillo jallabiya a cikin leda har hawa na sama. In ta yi maka, ka sa kuɗi a ledar ka cilla musu. In ba ta yi ba, ka mayar.

A kan haikalai biyun da ke tsakanin garuruwan, jirgi ya fi sauƙi nesa ba kusa ba. Kom Ombo a bakin ruwa yake, daga jirgi taku kaɗan ne, kuma yawanci da yamma ake isa. Haikali ne da aka raba biyu daidai wa daida, ɓangare ɗaya na gunkinsu Sobek mai kan kada, ɗayan na gunki Horus. A bangon baya akwai zanen kayan aikin likita da mata zaune kan kujerar haihuwa, a gefe kuma ɗan gidan tarihi cike da busassun gawarwakin kadoji. Edfu shi ne wanda ya fi kowanne tsira da siffarsa, har rufinsa yana nan. An fara gina shi a shekara ta 237 kafin haihuwar Annabi Isa, aka gama a ta 57, zamanin sarakunan nan 'yan asalin Girka da suka mulki Masar bayan Iskandar. Matsalarsa ita ce jirage kan iso kusan tare da sassafe, kowa ya ruga wa keken doki, a isa ƙofa a yi cincirindo. Wasu dawakan kuma abin tausayi ne, ƙashin haƙarƙari a waje. Ka duba kafin ka hau, ka ƙi wanda ake duka. Mai mota yana iya haɗa Edfu da Kom Ombo a rana ɗaya kan hanyarsa daga Luksor zuwa Aswan, ya isa bayan jama'a sun watse ya sami wurin shi kaɗai, sai dai rana ce za ta karɓe shi.

Inda jirgi ke cutar mutum shi ne Luksor, kuma nan ne zuciyar tafiyar. Wannan gari shi ne babban birnin Fir'aunoni na ɗaruruwan shekaru. Gabashin kogi na masu rai ne, nan haikalin Karnak da na Luksor suke; yamma, inda rana ke faɗuwa, na matattu ne. Tsarin jirgi kan cusa yammacin kogin gaba ɗaya cikin safiya guda: Kwarin Sarakuna, haikalin sarauniya Hatshepsut, a tsaya minti goma a gaban manyan gumakan nan biyu na Amenhotep na Uku a ɗauki hoto, sai a kai ku shagon masu sassaƙa dutse, inda za a daɗe fiye da yadda kuka so. A Kwarin Sarakuna akwai kaburbura fiye da 60, ba duka ke buɗe ba, kuma tikitin shiga na uku ne kawai. Na Tutankhamun, wanda Bature mai binciken kayan tarihi Howard Carter ya gano a watan Nuwamba na 1922, tikitinsa daban. Ƙarami ne ƙwarai, gawarsa na ciki amma dukiyarsa tana Alkahira. In kuɗi ɗaya za ka ƙara, ni na fi son ka ƙara wa na Ramsis na Shida, ka ga rufin da aka zana sama da taurari da tafiyar rana daga faɗuwarta zuwa fitowarta. Na Seti na Ɗaya ya fi shi kyau da zurfi, ya kuma fi shi tsada sosai. Gawarwakin manyan sarakunan, har da Ramsis na Biyu, ba a nan suke ba. Tun watan Afrilu na 2021 aka kwashe 22 daga cikinsu daga tsohon gidan tarihin Alkahira zuwa gidan tarihi na unguwar Fustat, duk a Alkahira, don haka yaronku ya kai ku can kafin ku taso.

Wanda ke otal yana da abin da ya fi wannan. Zai iya tsallakawa yamma da fito ko da mota tun buɗe ƙofa, ya gama da sarakuna kafin motocin 'yan jirgi su cika wurin, washegari kuma ya koma wuraren da tsarin jirgi bai cika zuwa ba. Medinet Habu, haikalin Ramsis na Uku, har yau fentinsa na nan a ƙarƙashin rufi, kuma a bango za ka ga magatakarda na ƙirga tarin hannayen abokan gaba da aka yanke bayan yaƙi. Deir el-Medina ƙauyen ma'aikatan da suka haƙa kaburburan sarakuna ne, ga zaurukansu da lungunansu. A shekara ta 29 ta mulkin wannan Ramsis ɗin, hatsin albashinsu ya makara, suka ajiye kayan aiki suka je suka zauna a haikali, kuma an rubuta labarin. Sai kaburburan manyan fadawa, waɗanda na fi ƙauna a duk ƙasar. Na sarakuna cike suke da gumaka da addu'o'in lahirarsu. Waɗannan kuwa rayuwar yau da gobe ce. A kabarin Menna ana auna gona da igiya, ana sussuka, ana shiƙa, can a gefe ga 'yan mata biyu masu kala sun kama gashin juna suna faɗa a tsakiyar gona. Shekara sama da 3,000 ke nan da wani mai zane ya ga wannan faɗan ya ga ya isa a sa shi a bango. Ban ga yadda mutum zai taso tun daga Najeriya ya kwana a gefen wannan wuri, a ce bai shiga ba saboda jirgi zai tashi.

Haka Karnak. Zauren nan mai ginshiƙai 134, waɗanda na tsakiyarsu suka haura mita 20, ba wurin da za a zagaya da kai a guje ba ne. Haikalin Luksor kuwa da magariba ya fi kyau, in an kunna fitilu. A cikinsa akwai masallacin Abul Hajjaj, wanda aka gina a kan ginin lokacin da ƙasa ta binne shi, shi ya sa tsohuwar ƙofarsa ke can sama kamar a rataye. Har yau ana salla a ciki. Haikalan Dendera da Abidos, a arewacin Luksor, su ma sai mai mota da yini guda a hannu. A Abidos ne aka jera sunayen sarakuna 76 a bango ɗaya. Mako guda ba zai ishe ku har da su ba, ku bar su.

Batun gwiwar Hajiya shi ya sa na karkata ga jirgi. Sau ɗaya za a kwance akwati, abinci sau uku yana nan, jagora da mota suna jira, ba cinikin tasi kowace safiya. In ta gaji ranar Edfu, sai ta zauna a sama ta sha shayi, ba ta yi asarar ranar ba tunda kogi na gabanta. Sai dai ka tambaya ko jirgin na da lif, domin da yawansu matakala ce hawa huɗu ko biyar, kuma ɗakin cin abinci yakan kasance a ƙasa. Kaburbura kuwa, ko ta jirgi ko ta otal, gangara ce da hawa, ciki da zafi da ƙarancin iska. Ta zaɓi marasa zurfi, jagora ya san su. Kada kuma ka ce mu 'yan ƙasar rana ne. Daga Yuni zuwa Agusta zafin kan wuce digiri 40, dutse na mayar da shi, ba inuwa. Daga Oktoba zuwa Afrilu ne lokacinsa, amma ƙarshen Disamba akwai tsada da cunkoso.

Akwai abin da ya kamata ka sani tun daga gida. Jiragen nan don baƙi daga ko'ina aka yi su: akwai mashaya, akwai wurin wanka a sama, akwai daren rawa. Ba wanda zai tilasta maka, kuma ma'aikatan yawancinsu Musulmi ne, za su nuna maka inda suke salla. Amma in wannan zai dame ku, otal ya fi ba ku ikon zaɓen inda za ku zauna. Alƙibla na sauyawa in jirgi na tafiya, sai ka duba kafin kowace salla, ka kuma tambayi inda zai kasance ranar Juma'a. Akwai kuma dahabiyya, ƙaramin jirgi mai filafilai da ke ɗaukar mutane kaɗan, yana tsayawa a wurare irin su Jabal Silsila inda aka fasa duwatsun gina haikalai. Ya fi natsuwa, kuɗinsa ya fi yawa, kuma yana cin kwanaki.

A Aswan bambancin ba shi da yawa. Haikalin Fila a tsibiri yake, kowa da ƙaramin jirgi mai inji yake zuwa. An kwance shi dutse-dutse aka mayar da shi tsibirin Agilkiya saboda ruwa na cinye shi. Haikalin Abu Simbel yana kilomita 280 kudu da gari, kusa da iyakar Sudan, ba ya cikin kuɗin jirgi sai an ƙara, kuma tun kafin asuba ake tashi, awa uku da wani abu zuwa, haka dawowa. Gumaka huɗu na Ramsis na Biyu, kowanne kusan mita 20, an yanka su gunduwa-gunduwa tsakanin 1964 da 1968 aka ɗaga su sama don kada tafkin babbar madatsar Aswan ya haɗiye su. Ya cancanci wahalar, amma kada ku haɗa shi da wani yawon a rana ɗaya. Da yamma ku shiga kasuwa, za ku tarar da zoɓo da goruba da dabino tuli-tuli.

Ga yadda zan raba makon in ni ne kai. Ku tashi daga Alkahira zuwa Aswan a jirgin sama, ku kwana ɗaya a otal don Abu Simbel, ku hau jirgin dare uku zuwa Luksor, sannan ku ƙara dare biyu a otal can, ɗaya don yammacin kogi, ɗaya don Karnak da hutu. Jiragen suna da ranakun tashi ƙayyadaddu, don haka da su za ka fara kafin ka sayi tikitin jirgin sama. Ka sa yaronku ya yi cinikin da Larabci, ya karɓi sunan jirgin a rubuce, ya tambaya ko kuɗin ya haɗa da tikitin shiga wurare da ruwan sha, domin sau da yawa ba ya haɗawa. Manyan wuraren yanzu da katin banki ake sayen tikitinsu, ka tabbatar naka na aiki a waje, ka kuma tanadi ƙananan kuɗin Masar a aljihu don ihsanin direba da masu gadin kaburbura da ma'aikatan jirgi.