Takalmi mai haƙora ko mai shafaffen ƙasa: wanne ke riƙe daɓen ɗakin harbi?

Ƙanena, tun jiya da daddare na ga tambayarka. Ka ce ka shiga kulob ɗin harbi a garin da kake karatu a Jamus, daɓen ɗakin siminti ne da aka shafe da fenti mai ƙyalli, kuma kambas ɗinka sai zamewa yake yi. Wani ya ce ka sayi takalmin gudun daji mai manyan haƙora irin Salomon Speedcross, wani ya ce ka nemi na 'yan badminton, na uku kuma ya ce kada ka ɓata kuɗinka, ka fesa wa ƙasan takalmin abin fesa gashi mai danƙo kawai. Duk ukun na saka ƙafata a ciki, don haka bari in jera maka su kusa da juna.

Mu fara da takalman biyu. Mai haƙora an yi shi ne don ƙasa mai taushi: laka, ciyawa, tsakuwa. Haƙoran suna nutsewa su kama, kamar yadda garma ke cizon ƙasa bayan ruwan fari. To a kan siminti mai sulɓi ina za su nutse? Sai ka tarar duk nauyinka ya tsaya a kan 'yan tsinin roba, sauran ƙasan takalmin yana shawagi bai taɓa daɓe ba. Ga shi kuma haƙoran dogaye ne, in ka taka da ƙarfi ko ka juya sai su lanƙwasa, ka ji ƙafarka tana rawa. Takalmin badminton, ko na ƙwallon raga, ko na ƙwallon ƙafa ta cikin ɗaki, ƙasansa shafaffe ne, robar mai laushi, sau da yawa ruwan zuma, da ƙananan zane-zane. Robar tana kwanciya ta shige 'yan ramukan daɓen da ido ba ya gani, daga nan riƙon yake fitowa. Danna farcenka a ƙasan kowanne a shago ka gani: wanda farcen ya lotsa ya dawo a hankali, shi ne naka. A filin waje mai ƙasa, mai haƙora ne sarki. A cikin ɗaki kuwa ba ma gasa ba ce, mai shafaffen ƙasa ya yi masa fintinkau.

Sai dai ba ka faɗa mana wane irin harbi kake yi ba, kuma a nan hanya ta rabu biyu.

In harbin tsaye ne na mita 10 da bindigar iska, irin wanda ake yi a gasar Olamfik ƙarƙashin dokokin ISSF, hukumar wasan harbi ta duniya mai hedikwata a Munich, to kai ba faɗuwa ce matsalarka ba. Matsalarka ita ce silalewar da ba ka ji. Harbi 60 cikin minti 75, kana riƙe da doguwar bindigar da doka ta yarda ta kai kilo 5.5, kuma ɗigon da ke ba da maki 10 faɗinsa rabin milimita ne kacal. Yi lissafin da kanka. A ce tsakanin ƙafafunka akwai santimita 50, ƙafa ɗaya ta gusa gaba da milimita 1 tak. Wannan 'yar juyawar, in ta yi tafiyar mita 10, ta zama santimita 2 a kan allon, alhali da'irar makin gaba ɗayanta faɗinta milimita 45.5 ne. Ba wai harsashin zai tafi can ba, a'a, jikinka ne zai gyara ba da saninka ba, ka fara jan bindigar da tsoka maimakon ta kwanta a kan ƙashi. Daga harbi na 40 sai ka ga maki suna zubewa gefe ɗaya, ka ɗora wa ido laifi, ko ka shiga murɗa saiti, alhali ɓarawon yana ƙarƙashin ƙafarka.

A wannan fannin, takalmin gudu mai katifa a ƙasa shi ne mafi muni, ko da robarsa na riƙo, don katifar na lotsawa kamar ka tsaya a kan filo. Abin da kake so shi ne ƙasa shimfiɗaɗɗe, siriri, mai tauri daidai gwargwado. Akwai takalman da aka ƙera don wannan aikin, irin na kamfanin Sauer na can Jamus ɗin, amma doka ta yarda da takalmin wasanni na yau da kullum, don haka kada ka yi gaggawar kashe kuɗin makaranta. Ka dai san iyakokin. Ga mai doguwar bindiga, kaurin ƙasan takalmi a wajen yatsu kada ya wuce milimita 10, tsayinsa kada ya wuce kashi biyu cikin uku na tsawonsa, kuma dole ƙasan ya lanƙwasu: akwai na'urar da ake ɗaure takalmin a ciki a ja diddigen, in bai kai digiri 22.5 ba an ƙi shi. Ga mai ƙaramar bindiga, takalmin kada ya rufe idon sawu. Shi ya sa nake jan kunnenka game da kai wa shumeka ya manna maka sabuwar roba. Aikin na kyau, amma in ya ƙara kauri ko tauri, ranar gasa a wajen duba kaya za a dawo maka da shi.

In kuma harbin guje-guje ne irin na IPSC, hukumar duniya mai kula da gasar da ake harbi ana gudu daga wuri zuwa wuri, inda ake raba makinka da daƙiƙoƙin da ka ɗauka, to a nan zamewa ba asarar maki ba ce kawai. Bindiga ta kuɓuce ta faɗi, an kore ka daga gasar. Bakinta ya juyo baya wajen mutane, an kore ka. Takalmin badminton ya dace sosai, don dama an yi shi ne don tsayawa farat ɗaya da tafiya gefe-gefe. Abu ɗaya ne babu takalmin da ke maganinsa a duniya: kwanson harsashi. Ka taka shi a kan siminti, mirginawa zai yi da kai kamar ka taka goro a kan tayil. Kafin a ce ka fara, dubi hanyarka, in da kwanso ka roƙi alƙalin fili a kwashe.

Yanzu shawarar mutum na uku, wadda ita ce ta fi ba ni dariya don ni ma na faɗa ramin. Wata rana a wani ɗakin atisaye na fesa wa takalmina abin nan na gashi. Minti goma na farko, wallahi kamar an liƙe ni da daɓe, har ina jin kaina. Kafin rabin awa sai santsin ya dawo ya fi na da. Da na ɗaga ƙafa na duba, ƙasan ya yi toka-toka, ƙura da zare da 'yan gashi duk sun manne sun zama kamar bargo. Ga sawuna ɗaiɗai a daɓen mutane, mai kula da ɗakin ya bi su da kallo har zuwa inda nake tsaye, bai ce komai ba, ya miƙo mini bokiti. Lemon kwalba da wasu ke shafawa ma haka yake ƙarewa. Kuma a gasar ISSF haramun ne ka zuba wani abu a wurin tsayawarka don samun fifiko. Kai, ko goge wurin ba a yi sai da izini.

Ajiye wannan kusa da tsumma mai ɗan danshi. Wanda ya taɓa tafiya a kan tayil lokacin hunturu ya san ba tayil ɗin ne ke kayar da mutum ba, ƙurar da ta kwanta a kai ce. Ɗakin harbi haka yake kullum: ƙurar siminti, ragowar albarushin da bai ƙone ba, da garin dalma. Ƙurar na shiga tsakanin roba da daɓe ta zama kamar 'yan ƙwallaye. Goge ƙasan takalmin da tsumma, bar shi ya bushe na ɗan lokaci, ka murza ƙafa a ƙasa. In ka ji ya yi ƙara "ƙiii", robar ta taɓa daɓe ke nan. Dubi farin tsumman kuma, za ka ga baƙin da ya kwaso. Danƙon fesawa ƙurar yake kira, tsumma kuwa korarta yake yi, ga shi kyauta ne.

Amma kada ka kwaikwayi 'yan ƙwallon kwando da ke shafa tafin hannu a ƙasan takalmi, wasu har da yawu. A filinsu ƙura ce kawai. A naka akwai dalma, guba ce mai taruwa a jiki, kuma ko harsashin bindigar iska mai milimita 4.5 akasari da dalma ake yin shi. Hannun da ya shafi takalmi shi zai kai burodi baki. Wannan ne ma dalilin da ya sa ba a share ɗakin harbi da busasshiyar tsintsiya, sai da jiƙaƙƙen abin goge daɓe ko injin zuƙa mai matata ta musamman. Tsumman naka ma ka ƙulle shi a leda bayan ka gama, ka wanke hannu da sabulu.

Samfefa fa? Tana da amfani sau ɗaya, in takalmin sabo ne ƙasansa na ƙyalli, ko tsoho ne robar ta yi gilashi. Ka ɗan kankare sama-sama. In robar ta tsufa ta ƙandare har ciki, kankara ba ta dawo da ita, sai dai sabo.

Da ni ne kai, ba zan sayi komai ba wannan makon. Wanke ƙasan kambas ɗin nan da buroshi da omo, saka shi a jaka, ka je kulob da wani takalmin daban, sai ka shiga ɗaki ka canja. Takalmin da ya taka titi da dusar ƙanƙara da gishirin da ake watsawa a hanyoyin Jamus ba zai riƙe daɓe ba ko nawa ka saye shi. In ka yi haka sau biyu yana nan yana zamewa, to nemi na badminton, ko takalmin harbi in na tsaye kake yi. Ka kuma sa ɗan guntun tef mai ɓaruwa a bakin yatsunka kafin harbin farko, ka duba bayan na 60, ka zo ka faɗa mana milimita nawa ƙafar ta gusa.